Brixton: Unguwar 'Yan Ci-rani da Ta Fi Ƙarfin Aljihun Waɗanda Suka Raya Ta

Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Brixton da ke kudancin Landan, ya karya hagu, tafiyar minti biyu ce za ta kai shi titin Electric Avenue, inda hancinsa zai riga idonsa sanin cewa ya shigo kasuwa. Ga doya an jera ta a kan teburi, ga ayabar suya, ga kuɓewa da attarugu da manja a jarka, ga kifin gishiri da mutanen Jamaika ba sa rabuwa da shi, ga mahautan naman halal suna sara suna kiran masu saye. Idan ya ƙara gaba ya shiga rufaffiyar kasuwar da ake kira Brixton Village, zai tarar da wata duniyar daban a ƙarƙashin rufi guda: kujeru a bakin shaguna, matasa farare galibinsu ma'aikatan ofis suna kurɓar gahawa ko giyar inabi, ga layin masu jiran tebur a gidan abinci, alhali a shagon da ke maƙwabtaka wata dattijuwa na taya kifi tana neman ragi. Waɗannan mutane biyu suna gogar kafaɗar juna kullum, amma ba kasuwa ɗaya suke ci ba, kuma a cikinsu akwai wanda kwanakinsa a wurin ke ƙarewa.

Turawa suna da suna ga wannan al'amari. A 1964 wata masaniyar zamantakewa mai suna Ruth Glass ta lura da yadda masu hali ke saye tsofaffin gidajen leburori a wasu unguwannin Landan, su gyara su, daga nan sai unguwar ta yi ta sauya hannu gida bayan gida har a wayi gari babu sauran mutanenta na asali. Ta raɗa wa abin suna gentrification, daga wata tsohuwar kalma da ke nufin masu gari da masu dukiya, kuma da alama akwai ba'a a cikin zaɓen nata. Hausa ba ta da kalma ɗaya tilo da ta yi daidai da wannan, sai dai a ce mamayar masu hali. Yawancin masu magana a kan Brixton sukan tsaya ne a kan abin da ido ke gani, wato gidajen gahawa da tsadar abinci da sauyin launin fatar masu yawo a titi. A ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya raba waɗanda suka tsira da waɗanda aka kora a Brixton shi ne irin takardar da kowa ke riƙe da ita a kan wurin da yake kwana ko yake sana'a, kuma tarihin unguwar ya nuna haka tun daga tushe.

Abu na farko da ake yawan mantawa shi ne Brixton ba ta fara a matsayin unguwar talakawa ba. Har farkon ƙarni na 19 gonaki ne da lambuna a wurin, kuma injin niƙan da iska ke juyawa wanda aka gina a 1816 yana nan tsaye har yau a matsayin shaida. A wannan shekarar ce aka buɗe gadar Vauxhall a kan kogin Thames, hanya ta samu zuwa tsakiyar birni, attajirai suka fara gina manyan gidaje a bakin titi. Da jirgin ƙasa ya iso a shekarun 1860 sai gine-gine suka ɓarke, akawuna da 'yan kasuwa suka cika sababbin layuka. A 1877 aka buɗe kantin Bon Marché, wanda ake ɗauka shi ne na farko a Birtaniya da aka gina musamman don ya zama katafaren kanti mai sassa da yawa, sannan a shekarun 1880 aka shimfiɗa Electric Avenue, ɗaya daga titunan kasuwa na farko da aka haskaka da lantarki, inda ya samo sunansa ke nan. A wancan zamani mutanen kudancin Landan Brixton suke zuwa sayayyar kece raini.

Faɗuwar ta zo a hankali. Masu hali suka yi ta ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari, gidajen da aka gina don iyali ɗaya da barorinsu aka yayyanka su ɗaki-ɗaki ana ba 'yan haya, ciki har da 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙan dandali da ke son kusanci da gidajen wasa na tsakiyar birni. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka rushe wasu layukan. Akwai kuma wani dalili na doka da ya fi waɗannan tasiri. Da yawa daga gidajen an gina su ne a kan filin da aka yi hayarsa na shekara 99, ma'ana idan wa'adin ya cika, gida da fili su koma hannun mai ƙasa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 wa'adin da yawansu saura 'yan shekaru, don haka babu mai gidan da zai kashe kuɗinsa wajen gyaran rufin da ya kusa fita daga hannunsa, kuma babu bankin da zai ba da bashin sayen irin wannan gida. Sai gidajen suka zama masu arha, masu yoyo, waɗanda Baturen da ke da zaɓi ba ya so.

A cikin wannan hali ne jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke fasinjojinsa a tashar Tilbury ranar 22 ga Yuni, 1948, fiye da 800 daga cikinsu mutanen yankin Karibiyan ne, akasari daga Jamaika, kuma da damansu sun yi wa Birtaniya aikin soja a lokacin yaƙi. Fiye da 200 da ba su da masauki aka kai su wani ramin fakewa daga bam da ke ƙarƙashin tashar Clapham South, wanda sai an sauka matakala 180 kafin a kai gindinsa, suna kwana a gadaje masu hawa-hawa, jirgin ƙasa na ruri a saman kawunansu, suna biyan sule shida da sisi a mako. Ofishin neman aiki mafi kusa da ramin yana kan titin Coldharbour Lane a Brixton. Wanda ya je can ya sami aiki, sai ya nemi ɗaki a kusa, wanda ya sami ɗaki kuma sai ya rubuta wa ɗan'uwansa a gida ya ba shi adireshi. Da haka layuka irin su Somerleyton Road da Geneva Road suka zama zangon mutanen Karibiyan.

Ba don sha'awa suka cunkushe a wuri guda ba. Masu gidaje da yawa ƙiri-ƙiri suke ƙin ba baƙar fata haya, kuma doka ba ta hana hakan ba sai a 1968. Bankuna ma ba sa kallonsu. Mafitar da suka samu abu ne da kowane Bahaushe ya sani, wato adashi, wanda mutanen Jamaika ke kira pardner. Mutum goma ko ashirin, direban bas da ma'aikaciyar jinya da leburan masana'anta, kowa ya zuba abin da aka yanka a ƙarshen mako a hannun uwar adashi, wadda galibi dattijuwa ce da aka yarda da amanarta, kowane mako mutum ɗaya ya kwashe. Da kwasa ɗaya ko biyu mutum zai biya kafin alƙalami na ɗaya daga waɗancan gidaje masu guntun wa'adi, ya zauna a ɗaki ɗaya da iyalinsa, ya ba sababbin zuwa hayar sauran ɗakunan, da kuɗin hayar ya ƙarasa biya. Gidajen sun yi cunkoso, ana girki a kan matakala, ana ɗumama ɗaki da murhun kananzir, amma dai ta wannan hanya wasu iyalai suka mallaki abin da daga baya ya zama dukiya mai yawa. A riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa.

Kasuwa ce ta zama zuciyar wannan sabuwar al'umma. Rufaffun kasuwanni uku da aka gina tsakanin shekarun 1920 da 1930, wato Reliance Arcade da Market Row da Granville Arcade, suka koma wurin da ake samun abincin gida da faya-fayen kiɗan gida da labarin gida. Mutane kan taso daga wasu garuruwan Ingila ranar Asabar don sayen doya da ganin 'yan'uwa. Daga baya 'yan Afirka ta Yamma suka shigo, 'yan Najeriya da 'yan Ghana da Saliyo, sai 'yan Fotugal, sai mutanen Kudancin Amurka, sai 'yan Eritiriya da Aljeriya, kowa ya kafa teburinsa. Masallacin Brixton da ke Gresham Road, wanda yawancin jama'arsa na farko baƙaƙen fata ne da suka musulunta, shi ma ɗa ne na wannan cakuɗa.

Hukuma kuwa wani tunani take yi daban. A shekarun 1960 an tsara wata babbar hanyar mota da za ta kewaye tsakiyar Landan ta ratsa ta cikin Brixton, ƙaramar hukumar Lambeth, wadda Brixton ke ƙarƙashinta, kuma ta zana taswirar rushe tsakiyar unguwar a maye gurbinta da dogayen benaye. Aka yi ta saye gidaje da ƙarfin doka ana kwashe mutane. A 1973 aka soke aikin hanyar, amma ɓarnar ta riga ta auku, domin layuka da dama sun zama kufai, hukuma ta mallake su ba ta da kuɗin gyara su. Wanda ya bi Coldharbour Lane a yau zai ga wani dogon gini mai kama da ganuwa, tagoginsa 'yan ƙanana kamar na kurkuku, sunansa Southwyck House. An zana shi haka ne don ya tare ƙarar hanyar da ba a taɓa ginawa ba. Waɗancan gidaje da aka bari babu kowa su ne 'yan kama-wuri-zauna suka shiga, matasa baƙaƙe da farare, 'yan gwagwarmaya da masu zane da marasa galihu, suka gyara famfo da rufi da hannunsu. Daga baya hukumar ta amince wa wasunsu su zauna a matsayin ƙungiyoyin haɗin gwiwa bisa izinin wucin gadi, wucin gadin da ya kai shekara talatin ko fiye.

Ɗaya daga fitattun wannan zamani ita ce Olive Morris, haifaffiyar Jamaika, wadda labarin shigarta gwagwarmaya ya haɗa da ɗan Najeriya. A watan Nuwamba 1969 'yan sanda suka tare wani jami'in diflomasiyyar Najeriya, Clement Gomwalk, a cikin motarsa Marsandi a titin Atlantic Road, suka ƙi yarda cewa baƙar fata zai mallaki irin wannan mota ta halal, suka fito da shi da ƙarfi. Jama'a suka taru, rikici ya kaure, Olive tana 'yar shekara 17 tana cikin waɗanda aka kama aka lakaɗa wa duka. Ta zama jagora a fafutukar mata baƙaƙe da ta masu neman muhalli, ta kuma rasu a 1979 tana da shekara 27 kacal. Titin Railton Road, inda ta yi zaman kama-wuri, shi ne ake yi wa laƙabi da fagen daga, kuma a nan ne mujallar Race Today ta ɗan gwagwarmaya Darcus Howe ta yi ofis, a saman ofishin kuma masanin tarihi C.L.R. James ya ƙare rayuwarsa a 1989.

Abin da ya faru da Gomwalk shi ne abincin yau da gobe na samarin unguwar. Wata tsohuwar doka ta 1824 ta ba ɗan sanda ikon kama mutum bisa zargin cewa yana da niyyar aikata laifi, ko da bai aikata komai ba. A farkon Afrilu 1981, ana tsakiyar rashin aikin yi, kuma zukata ba su huce ba daga gobarar unguwar New Cross da ta kashe matasa baƙaƙe 13 a watan Janairu, 'yan sanda suka ƙaddamar da wani samame mai suna Swamp 81, inda suka tare mutum 943 suka caje su cikin ƙasa da mako guda. Daga ranar 10 zuwa 12 ga watan unguwar ta kama da wuta. An jikkata 'yan sanda kusan 280, an ƙona motoci fiye da 100, an lalata gine-gine da dama. Alƙali Lord Scarman, wanda gwamnati ta ɗora wa bincike, ya amince a rahotonsa cewa baƙaƙen fata na fama da tauyewa a aiki da muhalli kuma salon 'yan sanda ya rura wutar, ko da yake ya ƙi yarda cewa wariyar ta yi jijiya a cikin hukumomin kansu. An soke wancan ikon kama mutum bisa zargi a shekarar. Sai dai a Satumba 1985 'yan sanda suka harbi wata uwa, Cherry Groce, a cikin gidanta suna neman ɗanta, ta shanye daga ƙugu zuwa ƙasa har ta rasu a 2011, unguwar kuma ta sake tashi jim kaɗan bayan harbin. A 1995 ma haka, bayan mutuwar Wayne Douglas a hannun 'yan sanda.

Wajibi ne a faɗi wannan dalla-dalla saboda masu kukan sauyin Brixton wani lokaci sukan yi magana kamar dā aljanna ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dattawan unguwar ba su manta da dillalan ƙwaya a bakin tasha ba, da harbe-harben shekarun 1990, da direbobin tasi da ke ƙin kai mutum can da dare, da yadda adireshin Brixton a takardar neman aiki ke iya sa a ajiye ta gefe. Su ne suka fi kowa roƙon a gyara. Abin da ba su roƙa ba shi ne a gyara don wasu.

Wannan mummunan suna shi ne ya danne farashin gidaje shekara da shekaru, alhali duk abin da ke sa wuri tsada yana nan kwance. Tun 1971 layin jirgin Victoria ya iso Brixton, wanda ke kai mutum tsakiyar Landan cikin kusan minti goma sha biyu. Gidajen zamanin Sarauniya Victoria, masu faɗin ɗaki da tsawon rufi, suna nan ko da sun tsufa. Masanin labarin ƙasa Neil Smith ya bayyana irin wannan yanayi a 1979 da cewa idan tazara ta yi faɗi tsakanin abin da fili ke kawowa yanzu da abin da zai iya kawowa in an gyara shi, jari zai kwararo ya cike tazarar ko ba daɗe ko ba jima. Ta wannan fuska, masu shan gahawa ba su ne suka kawo sauyin ba, sun biyo ruwan da ya riga ya sami magudana ne.

Dokoki biyu na zamanin firaminista Margaret Thatcher su ne suka haƙa magudanar. Ta 1980 ta ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da suke haya da rangwamen da ya fara daga kashi 33 cikin 100 zuwa rabin kuɗin, aka kuma ɗaure hannun hukumomin wajen gina wasu da kuɗin da suka samu. Iyalai da yawa sun amfana, babu musu, amma kowane gida da aka sayar ya fita ke nan daga rumbun gidajen talakawa, kuma da yawansu a yau suna hannun masu ba da haya a farashin kasuwa. Ta 1988 kuma ta cire linzamin kuɗin haya a sababbin yarjejeniyoyi, ta ba mai gida damar tashin ɗan haya da takardar wata biyu ba tare da ya faɗi dalili ba. Daga nan zaman ɗan haya a unguwar da farashinta ke hawa ya zama zaman jiran takarda. A shekarun 1990 gwamnati ta zuba fam miliyan 37.5 a wani shirin farfaɗo da Brixton, Nelson Mandela ya kawo ziyara a 1996 duniya ta ga unguwar cikin murna, gidajen rawa suka fara jawo matasa daga ko'ina. Ko bam ɗin ƙusoshi da wani ɗan wariyar launin fata ya dasa a bakin Electric Avenue a Afrilu 1999, wanda ya jikkata mutum kusan 50, bai tsayar da tafiyar ba.

Labarin kasuwar shi ne ya fi ban mamaki, kuma shi ya fi nuna yadda alheri ke iya juyewa. Wajen 2008 kamfanin da ya mallaki Granville Arcade, wadda aka riga aka sauya wa suna zuwa Brixton Village, ya nemi rushe ta ya gina bene. Mazauna da 'yan kasuwa suka yi tsayin daka, har a 2010 gwamnati ta sanya kasuwannin uku cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana rushewa, kuma dalilin da aka bayar ba kyan gini ba ne kawai, har da matsayinsu a tarihin mutanen Karibiyan a Birtaniya. Nasara ce babba. To amma a daidai lokacin shaguna kusan 20 na kasuwar babu kowa, sai masu ita suka haɗa kai da wata ƙungiya aka ba masu sababbin dabaru shagunan kyauta na wata uku. Dabarar ta ci fiye da yadda aka zata. Gidajen abinci suka buɗe, jaridu suka yi ta yabo, kasuwar da ke rufewa da magariba ta koma cika da dare. Franco Manca mai gasa fiza, wanda ya fara a Market Row a 2008, da Honest Burgers da ya fara a Brixton Village a 2011, duk sun zama kamfanoni masu rassa a faɗin ƙasar. Da ciniki ya ƙaru sai haya ta ƙaru, kuma mai sayar da doya da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, ba zai iya biyan abin da mai sayar da giyar inabi zai biya ba. Doka ta kare bango da rufi saboda tarihin wasu mutane, amma babu layi ɗaya a cikinta da ya kare hayar mutanen. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa a jere. A Yuli 2013 aka fitar da mazauna benayen Rushcroft Road da ƙarfin 'yan sanda, wasunsu sun shafe shekaru gommai a ciki, hukumar Lambeth kuma ta ci gaba da karɓe gidajen izinin wucin gadi tana gwanjonsu. A Fabrairu 2015 Network Rail, mai kula da layukan dogo, ya sanar da masu shagunan da ke ƙarƙashin gadar jirgi a Atlantic Road da Brixton Station Road cewa su tashi za a yi gyara, ciki har da wani mai kifi da iyalinsa ke wurin tun shekarun 1930 da wani kantin 'yan Fotugal da unguwa ta saba da shi. An ce wanda ke so zai dawo, amma a kan hayar da za ta yi ta hawa har ta ninka, don haka da yawa ba su dawo ba, wasu shagunan kuma suka daɗe a rufe bayan gyaran. Ranar 25 ga Afrilun shekarar dubban mutane suka yi gangami a dandalin Windrush da ke tsakiyar unguwar, aka fasa gilashin ofishin dillalan gidaje na Foxtons, hoton ya zaga duniya. Bayan 'yan shekaru Network Rail ya sayar da dubban irin waɗannan shaguna na faɗin ƙasar ga kamfanonin zuba jari na Blackstone da Telereal Trillium a kan kusan fam biliyan 1.5.

Ita ma hukumar Lambeth tana da nata uzurin, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Tun 2010 gwamnatin tsakiya ta zaftare kuɗin da take ba ƙananan hukumomi sosai, ga dubban iyalai a layin jiran gida, ga tsofaffin benaye na neman gyara. Hujjarta ita ce idan ta sayar da gida ɗaya mai tsada, ko ta rushe rukunin gidaje irin Cressingham Gardens ta gina masu yawa a filin, za ta samar wa mutane da yawa muhalli. Matsalar ita ce kalmar gida mai sauƙin kuɗi ta sauya ma'ana, domin tun 2011 ana iya kiran gida da wannan suna ko da hayarsa ta kai kashi 80 cikin 100 na farashin kasuwa, kuma kashi 80 na hayar Brixton ta yau ya fi ƙarfin mai share asibiti ko mai gadin kanti. Mazauna Cressingham Gardens sun kai hukumar kotu, sun yi nasara a 2015, hukumar ta sake yanke shawarar rushewa, aka ci gaba da jan igiya shekara da shekaru.

Yanzu mu koma kan masu adashi. Iyalin da kakansu ya sayi gida a shekarun 1950 ko 1960, ya kuma samu ya mallake shi ɗungurungum, suna zaune ne a kan dukiyar da a wasu layukan ta haura fam miliyan ɗaya. Da yawa sun sayar da kansu, ba wanda ya kore su, wasu suka koma Jamaika ko Barbados suka gina gidan tsufa, wasu suka matsa kudu zuwa Croydon da Thornton Heath inda kuɗin zai sayi gida mai fili. Ba za a ce an zalunce su ba. Amma jikokinsu da suka tashi a unguwar ba za su iya sayen ko ɗaki biyu a layin da aka haife su ba, kuma gida ɗaya ba ya rabuwa ga magada shida sai an sayar. Wanda ke cikin gidan ƙaramar hukuma da tabbatacciyar yarjejeniya yana nan daram muddin ba a rushe ginin ba, shi ya sa har yau rukunonin gidaje irin su Angell Town da Loughborough ke cike da talakawa a tsakiyar tsada. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai haya a hannun ɗan kasuwa, da mai izinin wucin gadi, da mai shagon da yarjejeniyarsa ta ƙare. Launin fata yana cikin lissafin ne ta wannan ƙofa, domin wariyar da ta hana mutane bashin banki da aiki mai tsoka shekara hamsin da suka wuce ita ce ta sa 'ya'yansu suka fi yawa a cikin masu raunin takarda. Ƙidayar jama'a ta nuna cewa 'yan asalin Karibiyan a gundumar Lambeth sun ragu daga kusan kashi 12 cikin 100 a 2001 zuwa ƙasa da kashi 10 a 2011.

Wani abin lura shi ne yadda girmama tarihin ke ƙaruwa a daidai lokacin da masu tarihin ke raguwa. An raɗa wa dandalin tsakiyar unguwa sunan Windrush a 1998, cibiyar adana tarihin baƙaƙen Birtaniya ta Black Cultural Archives ta tare a bakinsa a 2014, an kafa abin tunawa da Cherry Groce a 2021, har kuɗin unguwa da aka ƙirƙiro a 2009 mai suna fam ɗin Brixton ya ɗauki hoton Olive Morris. Duk waɗannan abubuwa ne da aka yi gwagwarmaya kafin a samu, ba kyauta ba ce. Sai dai dillalan gidaje ma sun gane cewa tarihin haja ne, suna tallar sababbin benaye da hoton kasuwa da kiɗa da launuka. A 2018 kuwa, shekara 70 cif da saukar Windrush, aka bankaɗo cewa ma'aikatar cikin gida ta yi ta neman takardun zama daga dattawan da suka shigo ƙasar suna yara bisa doka, wasu suka rasa aiki da magani, aka tasa ƙeyar aƙalla 83 bisa kuskure, har minista Amber Rudd ta yi murabus.

A wannan shekarar ce kuma kamfanin Hondo Enterprises na wani ɗan jihar Texas, Taylor McWilliams, tare da wani kamfanin zuba jari na New York, suka sayi Brixton Village da Market Row a kan fam miliyan 37 da 'yan kai. A farkon 2020 suka ba Nour Cash & Carry takardar tashi, wani kantin kayan miya da hatsi da ya shekara fiye da 20 a Market Row, inda matan Afirka da Karibiyan da Larabawa ke sayen shinkafa da kayan yaji da ganye a farashin da aljihunsu zai ɗauka. Dalilin da aka bayar shi ne za a kafa tashar rarraba lantarki a wurin saboda buƙatar gidajen abinci ta ƙaru. Ana tsakiyar kullen korona, amma matasan unguwar, ciki har da sababbin zuwa da ake zargi da lalata ta, suka tayar da ƙura a intanet har kamfanin ya janye a watan Yuni ya ba kantin sabuwar yarjejeniya mai tsawo. Irin wannan gangami ne ya bi benen ofisoshi mai hawa 20 da kamfanin ya so ginawa a Pope's Road, wanda kwamitin Lambeth ya amince da shi a Nuwamba 2020 duk da dubban ƙorafe-ƙorafe. Magajin garin Landan Sadiq Khan ya karɓe batun zuwa teburinsa, kuma a Yuli 2023, ana gab da zaman sauraro, kamfanin ya janye takardar neman izinin.